Baturen Da Ya Zana Mutanen Hamada, Da Autana Mai Son Zane

Wata ranar Juma'a cikin damanar bara, na dawo daga masallaci ina zaune a barandar gidana a Gwarinpa, sai ga autana ya zo ya durƙusa, ya ce, "Baba, ina da magana." Na ce masa ina ji. Ya yi ta murza yatsu kamar wanda ya fasa tulu, sa'an nan ya ce shi dai in na yarda, so yake ya nemi shiga sashen koyon zane na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Na dube shi, na dubi ƙasa. Yayyensa huɗu duk sun gama karatu, akwai mai aikin asibiti, akwai mai koyarwa, shi kuwa da ma lauya nake yi masa fata. Na ce, "Tashi ka ba ni wuri, na ji." Ya tashi jiki ba ƙwari.

Ba zan ɓoye wa mai karatu ba, maganar abinci tana cikin abin da ya dame ni, domin kowa ya san a ƙasar nan mai burushi ba ya cika tukunya da wuri. Amma akwai wani tsohon tabo da yaron ya fama bai sani ba. Ina ɗan shekara tara a ƙauyenmu na ƙasar Zazzau, aka yi hawan salla, na ga dokin hakimi da kayan ado, ya shiga raina. Da na komo gida sai na ɗauki gawayi na zana shi a bangon zaure, da mahayinsa, da rawaninsa. 'Yan uwana suka taru suna ta mamaki, har suna nuna jalala da linzami. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, malamin allo ne. Da ya shigo ya gani bai ce uffan ba, ya sa aka kawo ruwa da tsumma na goge da hannuna, sa'an nan ya yi mini bulala biyar, ya ce ranar gobe za a ce in hura wa dokin nan rai. Tun daga ranar ban sake zana ko kaza ba. Yau shekara sittin ke nan.

To, da yaron ya ga na yi shiru har mako guda, sai ya bi ta hannun uwarsa, kamar yadda 'ya'ya suka saba. Wani dare ta miƙo mini wayarta, ta ce, "Malam, ɗanka ya ce a nuna maka wannan." Na sa tabarau na duba. Hoton waɗansu Larabawan hamada ne suna salla a fili, sanye da farin alkyabba, rana ta yi gora. Abin da ya kama ni shi ne fuskar wani tsoho a cikinsu, da jijiyoyin hannunsa, da yadda inuwar tufafinsu ta fito shuɗi-shuɗi a kan jar ƙasa. Wallahi sai na ji kamar na san mutumin, kamar mun taɓa yin sahu ɗaya. A ƙarƙashin hoton yaron ya rubuta: "Baba, wanda ya zana wannan Bafaranshe ne, kuma Alhaji ne."

Lalle yaro ya san inda zai taɓa uban. Na ƙudura a raina sai na san ko wane ne wannan Alhaji, kuma na yi watanni ina karanta abin da na iya samu a kansa. Abin da na samo shi nake so in ba masu karatu, domin na tabbata ba ni kaɗai ne uban da aka taɓa kawo wa irin wannan magana ba.

Sunansa na yanka Etienne Dinet, Faransawa suna faɗinsa Dine. An haife shi a birnin Faris ran 28 ga Maris, 1861, a gidan masu hali, mahaifinsa ma'aikacin shari'a ne. Ya shiga babbar makarantar zane ta Faris a 1881, ya kuma yi karatu a hannun Bouguereau, wanda a zamanin shi ne gwanin zana mutane sumul-sumul kamar an wanke su da madara. Sai dai a lokacin da Dinet yake koyo, duniyar masu zane a Faransa a hargitse take, kuma sai mai karatu ya fahimci wannan hargitsi kafin ya gane aikin mutumin.

Da can, abin da ake ɗauka zane na girma a Turai shi ne hoton sarakuna, da yaƙe-yaƙe, da labaran mutanen dā. Talaka ba ya shiga hoto sai dai a gefe, yana riƙe da linzamin wani. A tsakiyar ƙarni na 19 sai waɗansu suka ce ba su yarda ba, su abin da idonsu ya gani za su zana. Jagoransu Gustave Courbet ya zana masu fasa dutse a bakin hanya, da jana'izar mutanen ƙauyensu, a kan ƙyalle mai girman da ake ware wa sarakuna. Millet kuma a 1857 ya zana mata uku sun duƙa suna kala a gona bayan girbi, irin kalar da iyayenmu mata suka sani. Waɗannan su ne masu zana zahiri. Bayansu sai ga waɗansu samari, su Monet da Renoir, waɗanda suka yi nunin aikinsu na farko a Faris a 1874. Su kuma abin da ya dame su haske ne. Suka bar ɗaki suka fita fili, abin da ya sauƙaƙa tun da aka ƙago zuba fenti a cikin 'yar kwalbar dalma mai matsewa a 1841, ana iya sa ta a jaka a tafi da ita bakin kogi. A can suka lura cewa launin abu yana sauyawa daga hantsi zuwa azahar zuwa la'asar, kuma inuwa tana da launinta, takan yi shuɗi, takan yi shunayya, gwargwadon abin da ke kewaye da ita. Masu sukarsu suka ce aikinsu kamar ba a gama ba, amma sannu a hankali ra'ayinsu ya ci gari.

Akwai wani mai suna Bastien-Lepage wanda ya haɗa hanyoyin nan biyu: yana zana manoman ƙauyensu daidai yadda suke, da gajiyarsu da kaushin ƙafarsu, amma cikin hasken fili irin na su Monet. Ya rasu a 1884 yana da shekara 36 kacal, samari masu tasowa kuwa duk sun sha daga ƙoramarsa, har da Dinet. Saboda haka in ka dubi aikin Dinet za ka ga fuska da hannu an zana su filla-filla, ba ƙari ba ragi, amma sararin sama da ƙasa da tufafi suna rawa da haske.

A wannan shekara ta 1884 ne Allah ya kai shi inda zai ƙare rayuwarsa. Ya bi waɗansu masu binciken ƙwari zuwa kudancin Aljeriya, tafiyar da ya ɗauka yawon buɗe ido ne, suka isa wani gari mai dabino a bakin hamada, Bu Sa'ada, kimanin kilomita 250 kudu da birnin Aljas. Shekara ta kewayo ya sake komawa, wannan karo har Lagwat, inda ya zana rufin soraye na garin da rana ta buɗe a kansu. Mu da muka san yadda rana take a Katsina ko Maraɗi cikin watan bazara ba sai an yi mana bayani ba, amma ga ɗan Faris da ya tashi cikin hazo, wannan haske sabon abu ne, kuma shi ya riƙa jawo shi shekara bayan shekara.

Turawa masu zana ƙasashen Larabawa suna da yawa a lokacin. Galibinsu sukan zo su yi wata ɗaya ko biyu, su sayi takobi da darduma, su koma Faris su sa wani ya naɗa rawani a ɗaki su zana shi, su sayar. Inda Dinet ya bambanta da su shi ne ya zauna ya koyi Larabci har ya iya, ya kuma yi aboki na ƙut-da-ƙut, Sulaiman bin Ibrahim, mutumin ƙasar Mizab, wanda suka haɗu wajen 1889 ba su rabu ba sai da mutuwa ta raba. Sulaiman ne ya shigar da shi gidaje, ya fassara masa tatsuniyoyi da al'adu, ya nuna masa abin da baƙo ba ya gani ko da idonsa a buɗe. Tare suka wallafa littattafai, sunan kowa a bango. A farkon shekarun 1900 Dinet ya sayi gida a Bu Sa'ada, ya zama a nan yake yin kashi uku cikin huɗu na kowace shekara, ko da yake a Faris sunansa ya riga ya yi tashe, har gwamnati ta ba shi lambar girma tun 1896.

Na zauna da autana mun duba hotunan aikinsa da dama. Ga yara suna kokawa cikin ƙura, ga makaho da ɗan jagora, ga mai rubuta wa mutane wasiƙa a bakin kasuwa, ga mata suna kuka a maƙabarta, ga mutane a tudu suna duban jinjirin wata. Akwai wani da ya yi a 1900, saurayi da budurwa cikin dare, wanda ya sa wa suna Bawan So da Hasken Ido, yana gidan adana zane na Orsay a Faris. Abin da na lura da shi, mutanen da ke cikin hotunansa kowa da kamanninsa, kowa da halinsa a fuska. Kana gani ka san wannan mafaɗaci ne, wancan mai barkwanci ne. Sai wanda ya ci tuwo da mutane ya san su haka.

Masu iya magana sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. A 1908 Dinet ya rubuta wa wani na kusa da shi cewa ya karɓi Musulunci, a 1913 kuma ya bayyana a fili, ya ɗauki sunan Nasiruddin. Wannan ya jawo masa sanyin fuska daga waɗansu mutanensa, domin a Aljeriya ta wancan zamani Bature ya shiga addinin waɗanda ake mulka abin kunya ne a wurin masu mulki. Da aka yi Yaƙin Duniya na Farko, aka kwashi dubban Musulmin Afirka suka mutu a ramukan Faransa, yana cikin waɗanda suka matsa wa hukuma a binne su bisa tsarin addininsu. A 1918 shi da Sulaiman suka fitar da littafin tarihin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cikin Faransanci, suka sadaukar da shi ga Musulmin da suka mutu a yaƙin. Ya ƙawata littafin da hotunan wurare da na masu ibada, amma bai kuskura ya suranta Annabi ba. Ya sa hannu a ƙoƙarin gina babban masallacin Faris da aka buɗe a 1926. A 1929, yana da shekara 68, ya sauke farali tare da abokinsa. Bai daɗe da komowa ba ya rasu a Faris ran 24 ga Disamba na wannan shekara. Aka yi masa salla a masallacin nan, aka ɗauki gawarsa ta ƙetare teku, aka binne shi a Bu Sa'ada ran 12 ga Janairu, 1930, a kabarin da ya tanada tun yana da rai, dubban mutane suka raka shi.

Da a nan labarin ya tsaya, da autana ya ci nasara a kaina cikin sauƙi. Amma da na ci gaba da bincike sai na tarar da abin da yaron bai nuna mini ba. Cikin aikin Dinet akwai hotuna masu yawa na 'yan mata, waɗansu ƙanana ƙwarai, suna wanka a rafi ba tufafi, ko suna wasa ƙirji a buɗe. Irin waɗannan su ne attajiran Turai suka fi rububi, domin sun dace da mafarkin da suke yi game da matan Larabawa. 'Yan matan nan 'ya'yan talakawa ne a ƙasar da aka ci da yaƙi. Faransa ta shiga Aljeriya a 1830, Lagwat ɗin nan da ya zana sorayenta an karkashe mutanenta da yawa lokacin da sojan Faransa suka kama ta a 1852, kuma tun 1881 akwai dokar da ta ware 'yan ƙasa ta ba jami'in mulki ikon hukunta su ba tare da alƙali ba. A irin wannan hali, in Bature mai kuɗi ya ce wa yarinya ta tsaya ya zana ta, wa zai ce ta yarda ne ko kuwa ba ta da yadda za ta yi? Har ila yau, a duk hotunansa da na gani ban ga bariki ba, ban ga sojan mulki ba, ban ga layin masu biyan haraji ba. Mutumin da ya ce zahiri yake zanawa ya kau da kai daga babban zahirin zamaninsa.

Mutanen Aljeriya kansu ba su gama yanke hukunci a kansa ba. Bayan sun sami 'yancin kai a 1962, hukuma ta rungume shi a matsayin nasu, ta buga hotunansa a kan sarki, aka buɗe gidan tarihi da sunansa a Bu Sa'ada a 1993. Shekara biyu bayan haka, cikin yaƙin basasar ƙasar, waɗansu suka cinna wa gidan wuta, daga baya aka gyara. A 2024 Cibiyar Ƙasashen Larabawa ta Faris ta yi babban nunin aikinsa, mahawara ta sake tashi: wasu na cewa ga wanda ya adana mana fuskokin kakanninmu, wasu na cewa ga wanda ya tallata tsiraicin 'ya'yanmu. Ni dai a nawa ɗan ganin, duka biyun gaskiya suka faɗa, kuma mutum ɗaya ne ya aikata duka biyun.

Na kira autana na nuna masa. Ya sunkuyar da kai, ya ce ya sani, kunya ce ta hana shi nuna mini. Na ce, "Kai kuma wa kake zanawa?" Sai ya shiga ɗaki ya fito da wani littafi da ya ɓoye mini shekara biyu. Jama'a, na buɗe na ga Gwarinpa ɗin da nake wucewa kullum a mota ban taɓa dubanta ba. Ga 'yan ga-ruwa suna tura kura a hawa, jijiyar wuya ta miƙe. Ga masu keke mai ƙafa uku sun yi layi da sassafe. Ga mai gyaran takalmi yana gyangyaɗi a gindin bango, ga mai gadi da 'yar rediyonsa. Mafi yawansu yaranmu ne na Arewa da suka zo ci-rani, su suke ɗauke da unguwar a kafaɗa, amma in an ɗauki hoton Gwarinpa don talla, gidaje da titi kaɗai ake nunawa.

A wani shafi na ga an yage rabi. Na tambaya, ya ce mai shayin bakin layinmu ne. Ya zana shi bai sani ba, da ya kai masa yana tsammanin zai yi murna, sai mutumin ya ɓata rai, ya ce, "Ɗan Alhaji, da izinin wa? A garinmu ina da mata da 'ya'ya da gona, ana ce mini maigida. Sai ka zana ni da tsohuwar singileti ka kai wa masu kuɗi su yi kallo?" Ya karɓa ya yage. Yaron ya ce ya kwana uku abin yana cinsa. Na ce masa to, mai shayi ya koya maka abin da 'yan matan Bu Sa'ada ba su sami bakin koya wa Dinet ba, ka riƙe shi da kyau.

Daren nan ban yi barci da wuri ba, ina ta tunanin abin da ya wuce ni. Ina cikin ma'aikatan da aka kwaso daga Ikko lokacin da gwamnati ta tare a Abuja a Disamban 1991. Na fara zama a Kubwa, kullum ina bi ta gefen wannan wuri. A lokacin gonakin doya da dawa ne, da 'yan ƙauyukan Gbagyi, waɗanda mu Hausawa muke kira Gwarawa. Nakan ga matansu da asuba sun jero, kowace da ƙwarya cike da itace a kafaɗa, domin su ba sa ɗora kaya a ka. Cikin shekarun 1990, zamanin Janar Abacha, Hukumar Gidaje ta Tarayya ta shigo da motocin rusau da na gini, aka tsara tituna masu lamba, aka yi rukunin gidajen da ake cewa babu kamarsa a girma a Afirka ta Yamma. Ni ma na sami rabona a ciki, alhamdu lillahi. Amma yau in jikana ya tambaye ni yaya wurin nan yake kafin a gina shi, ba ni da abin nuna masa sai baki. Na ga abin da idona, hannuna kuma ya taɓa iya zane, amma ban ajiye ko layi ɗaya ba. Matar Gbagyi ɗaya da kowa ya san fuskarta ita ce Ladi Kwali, gwanar ginin tukwane da ta rasu a 1984, ita ma don an buga hotonta a takardar naira 20 ne.

Wani abin da ya ƙara ba ni kunya shi ne, makarantar da yaron nan yake so ya shiga a ƙasarmu take, tafiyar awa ɗaya daga ƙauyen da aka haife ni. Tun 1955 aka komo da sashen zane daga Ibadan zuwa Zariya, tun kafin a kafa jami'ar a 1962. A nan ne a 1958 ɗalibai irin su Uche Okeke, da Demas Nwoko, da Bruce Onobrakpeya, da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu, suka ce ba za su zauna suna kwaikwayon Turawa kawai ba, sai sun haɗa abin da aka koya musu da gadon gidajensu. Sunayensu sun kewaye duniya. Jimo Akolo, mutumin Egbe da ya yi karatu tare da su, shi ya zana mahaya dawakinmu da makaɗanmu. Watau dokin da aka sa ni na goge a zaure, wani ya zo daga nesa ya zana shi, ya kai shi inda ban taɓa zuwa ba. Ba laifinsa ba ne, mu muka bar gonar. Alhali kuwa ba baƙi ba ne mu a sha'anin ado: a dubi zanen dagi a bangayen Zariya da Kano, a dubi aikin allura a wuyan babbar riga, a dubi zayyanar da mahaifina da kansa yake yi wa allon mai sauka.

Duk da haka ban yarda in yanke hukunci da son zuciyata ba, domin bulalar mahaifina ba ta mugunta ba ce, tsoron Allah ne ya sa shi. Na tafi wurin malamin da nake ɗaukar karatu a gabansa na shimfiɗa masa magana. Ya ce hadisan da suka yi gargaɗi a kan suranta mai rai ingantattu ne, babu mai musun su. Amma malamai sun saɓa a kan iyakar hanin. A mazhabarmu ta Malikiyya, abin da aka haramta kai tsaye shi ne cikakkiyar sura mai jiki, wadda take da inuwa kamar gunki. Wadda aka zana a takarda ko bango kuwa ba ta kai haram ba, ko da yake barinta ya fi a wurinsu. Waɗansu malaman na wasu mazhabobi sun hana duka. Itatuwa da duwatsu da gine-gine kuwa babu saɓani a kansu. Ya ƙara da cewa tsiraici da wulaƙanta mutum haramun ne ko da wane alƙalami aka yi su. Ni ba malami ba ne, abin da aka gaya mini na faɗa, kowa kuma ya tambayi nasa malamin.

Da na komo na kira yaron da uwarsa. Na ce na yarda ya nemi Zariya, bisa sharaɗi uku. Kada ya zana kowa sai ya gaishe shi, ya san sunansa, ya nemi izninsa, in ya gama kuma ya nuna masa kafin ya nuna wa wani. Kada ya zana ɗan kowa a halin da ba zai so a zana 'yar uwarsa ba, kome kuɗin da aka ɗora masa. Sa'an nan ya haɗa da takardar koyarwa, domin ko burushi bai ciyar da shi ba, alli ya ciyar. Ya ce, "Na ɗauka, Baba, Allah ya ƙara girma." Uwarsa ta ce da ma ta san a nan za a ƙare, ni ne dai mai son dogon zance.

Kafin ya tafi na roƙe shi abu guda. Mahaifiyata ta rasu a 1971, ba a taɓa ɗaukarta hoto ba, kuma shekarun nan na lura fuskarta ta fara ɓace mini. Muka zauna dare uku, ina kwatanta masa yana zanawa: doguwar fuska, tsagar gado a kumatu, ɗan wushirya. Kowane ya gama in duba in ce ba ita ba ce. A dare na uku ya gaji, ya ce in faɗa masa abin da na fi tunawa. Na ce hannunta a kan maburgi, tana burga miyar kuka, da wani tabon ƙuna a bayan babban yatsa. Ya zana hannun kawai, da maburgin, da bakin tukunya. Na karɓa na duba, sai na tashi na shiga ɗaki don kada yaro ya ga idon ubansa. Takardar tana cikin akwatina tare da takardun gida.

Yanzu yana Zariya. Da ya zo hutu ya koma wurin mai shayi, ya ba shi haƙuri, ya sake neman izni. Mutumin ya ce ya bari sai ranar Juma'a, in ya sa babbar rigarsa da hula. Haka aka yi, kuma na ji ya aika da hoton gida wurin iyalinsa.

Iyaye 'yan uwana da za a kawo wa irin wannan magana, ban ce ku yarda ba, ban ce ku ƙi ba, kowa ya san ɗansa. Abin da na roƙa shi ne a buɗe littafin yaron a duba kafin a ce masa ya tashi ya ba da wuri. Allah ya jiƙan iyayenmu, ya gafarta wa Alhaji Nasiruddin kurakuransa, ya shirya mana zuriya. Amin.